Ki dakata da tumatirin nan, 'yar'uwa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwar da ta ce an kawo ta aure Arlit, tsakar gidansu duk siminti, ta tara bokitai shida tana son shuka tumatir da tattasai yanzu a watan Maris, tana tambaya ta ina za ta fara: wallahi ina karantawa sai na ga kaina. Ni 'yar Madawa ce, na tashi ina ganin lambunan albasar Galmi kore shar a bakin hanya, sai aure ya kawo ni Agadas, gidan haya, ko tsiron ciyawa babu. Na san abin da ke damunki. Ba tumatirin kaɗai kike nema ba, idonki ne ke son ganin kore.

Amma don Allah ki dakata da tumatir. Nan da sati uku zafi zai haye digiri 40, kuma haka zai zauna har Yuni, ku na Arlit ma kun san abin ya fi haka. Tumatir da zafin rana ya wuce 35 furensa zubewa yake yi, ba ya ɗaure 'ya'ya. Za ki gan shi tsaye da ganye, ki yi ta ba shi ruwan da kika saya da kuɗi, fure ya fito ya kakkaɓe. Ki duba masu lambun bakin korin Telwa nan Agadas, lokacin sanyi suke cin moriyarsa. Ki yi rainon iri a Oktoba, bayan sati huɗu ki dasa, wajen Fabrairu kina tsinka. Salati da karas da kabeji su ma duk na lokacin sanyi ne.

Ni ba wanda ya gaya mini haka. Na sayi dashe a kasuwa a watan Maris, mai sayarwa yana rantsuwa wai irin na zafi ne, na zuba a baƙaƙen bokitai na jera kan siminti. Wata rana da azahar na cusa yatsa cikin ƙasar, sai da na janye. Saiwar ce ke dahuwa tun daga ƙasa, ni kuwa ina ta yayyafa wa ganye ruwa.

Wannan asarar ba ta yi mini ciwo kamar ta shekara ta biyu ba. Lokacin na koyi darasi, na yi komai a kan kari. Tumatir goma sha ɗaya, tonka huɗu, kuɓewa, da zogale biyu da mahaifiyata ta ƙunso mini irinsu a bakin zane ranar da zan taho. Tumatir ya ɗaure, 'ya'ya kamar ƙwan zabuwa, har na fara ƙirga waɗanda zan aika wa uwar mijina. Sai aka kira da asuba, Allah Ya yi wa mahaifiyar tawa rasuwa. A wannan ruɗewar ma sai da na tsaya ƙofar maƙwabciyata, matar da muke raba tsakar gida, wadda na yi jinyar ɗanta kwana huɗu a asibiti, na ba ta jika uku kuɗin ga-ruwa, na ce don girman Allah safe da yamma, ko kofi biyu-biyu ne. Ta dafa ƙirji ta ce in tafi hankali kwance. Kwanana goma sha biyu a Madawa. Na dawo da dare, ban ko aje jaka ba na haska fitila. Duk sun bushe ƙamas, ƙasar ta tsage ta rabu da jikin bokiti. Zogalen nan biyu awakinta sun cinye su har ɓawo, don ta buɗe zanar da na kewaye ta yi shanya a kai. Da gari ya waye ta zo gaisuwa, ta zauna kan tabarmata, ta ce, "Ai ganye ne, maman yara, wani zai fito." Ganye ne. Ba ta ce yi haƙuri ba, ba ta ambaci jika ukun ba har yau. Kukan da ban yi a gaban gawa ba, a gaban bokitan nan na yi shi. Shekara huɗu ke nan, muna gaisawa, na ce na yafe, amma in na tuna kalmar nan har yanzu zuciyata tafasa take. Ki samu wanda zai riƙe miki shuka tun kafin tafiya ta kama ki, kuma ya zama wanda shi ma yake shuka. Wanda bai taɓa jiran tsiro ba bai san nauyinsa ba.

To, abin da za ki iya sawa yanzu. Zogale, kuɓewa, yakuwa, lalo, alayyafo. Waɗannan suna jure zafi in suna samun ruwa. Alayyafo sati uku zuwa huɗu kin fara yanka, shi zai kwantar miki da rai. Kuɓewa wata biyu. Zogale ki ba shi rabin tano, bokiti ya yi masa kaɗan, in ya kai ƙugunki ki datse kan don ya yi rassa, kada ki ji tausayinsa. Gindin albasar da kike yankewa ma ki dasa, lawashi zai fito miki. Na'ana'ar shayi kuwa sai can inuwa kusa da randa.

Bokitan in baƙaƙe ne ki naɗe su da buhun algarara ki riƙa jiƙa shi, ko ki shafe su da farar ƙasa. Ni yanzu bido mai lita 25 nake yanke wa kai, ya fi zurfi. Ki huda ƙasansu, ki ɗora kan bulo ko katako, kada su taɓa siminti. Ki haɗa su wuri guda su yi wa juna inuwa, ta inda za su sha hantsi, bango ya kare su daga ranar la'asar da iskar nan mai ƙura. Na ɗinke tsofaffin buhunan albasa masu raga na yi musu rumfa, haske na shiga, ƙuna na raguwa.

Ƙasa kuma kada ki kwashi yashi zalla, ruwa wucewa yake kamar a rariya. Yashin kori kashi ɗaya, ƙasar lambu ɗaya, takin awaki ɗaya, amma wanda ya ruɓe ya daina wari. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake, na gani da idona. Ki rufe saman da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi.

Ruwa shi ne kuɗin duka. Ban ruwa da sassafe, a tsananin bazara ki ƙara bayan la'asar, kuma ki taɓa shi tukuna, ruwan bidon da ya yini a rana zafi gare shi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk ina tarawa, amma ban da na wanki mai omo. In kin ga fari-fari ya taru a saman ƙasa gishiri ne, ki kankare, ki kwarara ruwa sosai har ya fita ta ƙasa. Ƙaramin tulun ƙasa da ba a shafe ba, in kin binne shi tsakiyar tano kin cika kin rufe baki, yana tsatsowa a hankali kwana biyu ko uku. Da na san wannan a lokacin, wataƙila da zogalen Inna ɗaya ya kai ni dawowa, ko da yake awakin ma sun isa.

Ki riƙa juya bayan ganye kina dubawa. Farin ƙuda da jan gizo-gizo a ɓoye suke farawa. Ki daka 'ya'yan dogon yaro, ki jiƙa su kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu, ki fesa da yamma.

Ina da irin kuɓewa da yakuwa na bara da na aje a kwalba, da zogalen da ƙanwata ta sake aiko mini daga bishiyar tsakar gidanmu. In kina da mai zuwa Agadas ki turo shi, zan ƙulle miki.