Amsa ga mai neman dutsen guga da zai daɗe a ɗakin ɗinki

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce cikin shekara biyu dutsen guga uku ya mace miki, na ƙarshen ma sai da ya tofa miki ruwa mai tsatsa a kan farin yadi, kuma kina neman wanda zai jure ɗinkin kaya da ɗinkin bargo na haɗa ƙyallaye. Wallahi na tausaya miki, don ni ma na sha wannan wahalar kafin na gano bakin zaren.

Ruwa ne ke kashe yawancin duwatsun guga. Waɗanda suka lalace a hannuna, in ban da guda ɗaya da wayarsa ta tsinke, duk ta wajen tanki matsalar ta fara. Farin gishirin nan da kike gani ya daskare a gindin butar dafa ruwa, shi ne yake taruwa a cikin hanyoyin tururi. A hankali ya toshe ƙofofin, robar da ke riƙe ruwan ta bushe saboda zafi, sai yoyo ya fara. Kuma ki tuna mai gugar gida minti ashirin ko talatin yake kunna dutsensa ya kashe. Mu kuwa tun safe yana kunne har la'asar, mu ɗinka layi ɗaya, mu miƙe mu danne shi, mu koma kan keke. Yawancin na kasuwa ba don irin aikinmu aka ƙera su ba.

Ranar da na haƙura da dutse mai tururi ba zan manta da ita ba. Na kwana biyu ina haɗa ƙananan ƙyallaye masu kusurwa uku, farare da shuɗaye, saura in danne layin ƙarshe. Ina ɗora dutsen sai na ji "fuss", na ɗaga na ga ɗigo uku masu launin ƙasa a tsakiyar farin. Na wanke, na sake wankewa, inuwarsu ba ta fita ba, dole na farke wajen na sa wani ƙyalle. Washegari na sayi busasshen dutse, wanda ba shi da tanki ko kaɗan, da kwalbar fesa ruwa. Shi nake amfani da shi har yau. Ba abin da ke cikinsa sai ƙarfen da ke ɗaukar zafi, da abin daidaita zafin, da fis, da waya, kuma duk mai gyaran kayan wuta zai iya buɗe shi ya canja abin da ya ƙone. Gindinsa sumul yake babu ramuka, saboda haka ba ya kama bakin ƙaramin ƙyalle ya naɗe shi, ba ya kuma barin tambarin rami idan kina manna gam a wuyan riga.

In kuwa aikinki ba ya yiwuwa sai da tururi sosai, kamar kwat da ulu da yadi mai kauri, to ki nemi irin na teloli mai gorar ruwa da ake ratayewa a sama, ruwan ya gangaro ta siririn tiyo, ba ya shiga dutsen sai kin danna maɓalli. Silver Star da Naomoto suna cikin sanannun masu yin sa. Yana kai kilo 2 ko fiye, an yi shi ne don ya wuni a kunne, kuma ana samun kayan gyaransa daban. Sai dai yana son wuri nasa na dindindin da ƙugiyar rataya, kuma ba a tsayar da shi, kwantar da shi ake yi a kan faifan robarsa mai jure zafi.

Kada yawan wat ɗin da aka rubuta a kwali ya ruɗe ki. Wat yana nuna saurin ɗaukar zafi da saurin dawowarsa bayan dutsen ya taɓa yadi mai damshi, amma iyakar zafin kusan ɗaya ce. Ɗigo ɗaya a jikin maɓallin daidaita zafi kusan digiri 110 ne, biyu 150, uku 200, kuma auduga da lilin ɗigo uku suke so. Busasshen dutse mai wat 1000 zuwa 1200 ya ishe ki. Abin da na fi dubawa shi ne nauyi. Ki ɗauke shi a hannu kafin ki biya. Mai nauyi shi ke yi miki aikin, mara nauyi kuwa ke za ki riƙa dannawa da ƙarfi har wuyan hannunki ya yi tsami. Wannan yana da muhimmanci a ɗinkin ƙyallaye, domin mu ba goga yadi muke yi ba, ɗorawa muke mu ɗaga. Ƙyallen da aka yanka a karkace, da kin ja dutse a kansa ya miƙe, kuma a ɗinkin da bakinsa bai wuce milimita 6 ba, ɗan miƙewar nan ya isa ya hana kusurwoyi haɗuwa.

Sai maganar kashe kansa. Da yawa daga cikin na zamani suna mutuwa bayan kamar minti 8 zuwa 15 a tsaye, ko daƙiƙa 30 a kwance. Don kare gida daga gobara aka yi haka, kuma ban raina shi ba. Amma ga mai ɗinki abin takaici ne, ki taso da ƙyalle a hannu ki tarar da dutse ya huce. Ki karanta kwalin, akwai waɗanda ke kai minti 30, kamar wasu na kamfanin Oliso da aka yi don masu ɗinki, masu ƙananan ƙafafu da ke ɗaga dutsen da zarar kin sake shi. Suna da daɗin aiki, ni dai ra'ayina duk abin da ke motsi a cikin dutse ƙarin abin lalacewa ne. In kin zaɓi wanda ba ya kashe kansa, ki jona shi a soket ɗaya da fitilar teburinki. Muddin fitila na ci, kin san dutse na kunne. Da yara a gida kuwa, kada ki fita ɗakin ko na minti ɗaya ba ki zare shi ba.

Gindin ƙarfe mara tsatsa na fi so, don yana gogewa tas idan gam ya manne. Mai rufin hana mannewa yana da santsi da farko, amma fil ɗaya ko zif ya karce shi, shi ke nan. Ki duba inda waya ta shiga jikin dutsen, nan ne take fara karyewa, ki tabbata akwai roba mai kauri da ke juyawa a wajen, kuma wayar ta kai mita 2 da rabi ko 3. In wani zai aiko miki daga Amurka, ki tuna wutarsu bolt 120 ce, in taku 220 zuwa 240 ce zai ƙone nan take.

In duk da haka mai tanki kike so, ga abin da zai ƙara masa kwana. Ki bari ya yi zafi sosai kafin ki buɗe tururi, don yawancin tofin ruwan nan daga dutsen da bai gama zafi ba ne. Ki juye tankin duk yamma tun yana da ɗumi, ki ajiye shi a tsaye. Ki bi abin da takardarsa ta ce game da ruwa, wasu kamfanonin suna hana zuba tataccen ruwa zalla, suna cewa a gauraya shi rabi da rabi da na famfo. Turare ko sitati kuma kada ya shiga tankin ko sau ɗaya, a kwalba ake fesa su.

Ki gaya mana irin yadin da kika fi ɗinkawa da awa nawa kike yi a rana, sai in faɗa miki ko busasshen zai ishe ki ko sai mai gora. Allah ya sa wa sana'a albarka.