Wanda ya taya domen ɗinka dala 12,000 bai zo saye ba

Yaro, na ga saƙonka na jiya da daddare, na kuma ga na safiyar yau. Ka ce wani ya rubuto maka imel ya taya domen ɗin, wato sunan adireshin shafin intanet, da ka yi wa rajista wata huɗu da suka wuce, ya ce zai ba da dala 12,000, amma sai ka fara kawo masa takardar kimanta daraja daga wani shafi da shi ya zaɓa, kuɗinta dala 89. Har kana cewa, "Maigida, in biya? Ai 89 ba komai ba ce a kan 12,000."

Kada ka biya ko dala ɗaya. Ba don tambayarka ta fama mini tsohon miki ba, da a nan zan tsaya, don ni ba na son maimaita abin da na riga na faɗa maka tun makonka na farko a hannuna.

Ka tsaya ka yi tunani da kanka. Mai saye ne yake shakkar darajar kaya, to a wace kasuwa ce mai sayarwa yake biyan kuɗin cire wa mai saye shakka? Wanda yake da dala 12,000 da zai zuba a kan suna, dala 89 ce za ta gagare shi? Shafin nan da ya tura ka nasa ne, ko na abokin cin mushensa. Da shi da mai kimantawar duk mutum ɗaya ne. Kana biya za su turo maka wata takarda mai hatimi da ado, ta ce sunanka ya kai dala dubu goma sha wani abu, ranka ya yi fari, ka tura masa. Daga nan shiru. Ko kuma ya ce abokin kasuwancinsa bai gamsu ba, a ƙaro ta biyu daga wani shafin, wanda shi ma nasa ne. Bai taɓa son domen ɗinka ba. Bai ma karanta shi ba. Na'ura ce ta ɗauko sunan ta cusa a gurbin da aka bari a wasiƙa ɗaya da ake aika wa dubban mutane. Koma ka sake karanta imel ɗin, ka nuna mini jimla ɗaya da ta faɗi abin da zai yi da sunan. Babu.

Za ka ce to a ina ya san ka? Sunayen da aka yi wa sabuwar rajista ba ɓoyayyu ba ne, ana samun jerinsu kullum. A da ma abin ya fi haka sauƙi, domin rumbun WHOIS a buɗe yake, kowa zai ga sunan mai domen da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Sai a watan Mayun 2018, da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki, aka rufe mafi yawan wannan. Amma har yanzu ana iya isar da saƙo ga mai suna ta kamfanin rajistarsa, kuma kai na san ka, da hannunka ka rubuta imel ɗinka a fuskar shafin da manyan baƙaƙe.

Wannan ta takardar kimantawa ƙaramar damfara ce, ta masu tsince-tsince. Ni wadda ta ci ni babba ce, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ina da wani suna mai harufa huɗu, na .com, kalma ce da take furtuwa a baki ba tarin baƙaƙe ba. Shekara bakwai ina sabunta shi. Akwai shekarar da ban da komai, na bar sunaye fiye da ashirin suka faɗi don in riƙe shi kaɗai. An taya sau da dama na ce albarka, don na san abin da nake riƙe da shi. Lokacin na riga na yi shekaru a wannan sana'a, masu neman takardar kimantawa kuwa ina gane su tun daga layin farko, in goge in wuce.

Shi wannan bai zo da gaggawa ba. Ya rubuto layi uku, ya ce kamfaninsu zai fitar da wani sabon kaya, suna duba sunaye uku, nawa yana ciki. Ya taya dala 6,000. Na ce albarka. Ya yi kwana huɗu bai amsa ba, sannan ya dawo da 9,000. Ka ga inda ya kama ni? Ɗan damfara da na sani farashin mahaukata yake sawa, ba ya ciniki. Wannan kuwa ya yi ciniki kamar mai jin zafin kuɗinsa. Ya yi ƙorafi, ya ce na tsawwala, ya ce sai ya koma wa shugabanninsa. Mako uku muna jan zare. Har waya ya kira ni sau biyu, murya a natse, yana tambayar ko an taɓa amfani da sunan wajen aika saƙonnin banza, irin tambayar da mai saye na gaskiya yake yi. A ƙarshe muka tsaya a 18,000, na sallama.

Sai maganar biya. Na ce mu bi ta mai riƙon amana, wato kamfanin da yake karɓar kuɗin mai saye ya ajiye, sai an miƙa suna sannan ya sakar wa mai sayarwa. Ya ce madalla, haka ma dokar kamfaninsu ta ce, sai dai sashen kuɗinsu yana da kamfanin amana da suka saba aiki da shi, kuma su za su ɗauki nauyin la'ada gaba ɗaya. Ya turo adireshi. Na shiga, shafi ne tsaf, da tambari, da lambar waya, da dogon rubutun sharuɗɗa. Na buɗe asusu. Bayan kwana biyu imel ya zo cewa kuɗi sun shiga, na duba asusun na ga 18,000 a rubuce, an ce suna ajiye, ana jiran in miƙa suna.

Na cire makullin domen ɗin, wanda yake hana a ɗauke shi zuwa wani kamfanin rajista. Na karɓo lambar sirrin da ake sauya kamfanin rajista da ita, na tura masa. Ka san in an nemi sauyi, kamfanin da suna yake hannunsa yana da kwana biyar kafin abin ya wuce da kansa, kuma a cikin kwanakin nan mai suna yana iya cewa bai yarda ba. Kwana biyar ɗin nan su ne katangata ta ƙarshe. Mutumin ya rubuto cikin ladabi, ya ce suna da taro ranar Litinin, ko zan taimaka in danna amincewa don abin ya yi sauri. Na danna. Cikin sa'a ɗaya suna ya bar hannuna.

Washegari na shiga asusun amanar, aka ce ana tantancewa. Kwana na uku aka ce akwai harajin fitar da kuɗi da zan fara biya. A nan jikina ya yi sanyi. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, abin da ba ya cin minti ɗaya: na duba ranar da aka yi wa shafin amanar kansa rajista. Wata biyu. Kamfanin da ya rubuta a fuskarsa cewa ya shekara goma yana aiki, sunansa wata biyu ne da haihuwa. Kafin mako ya zagayo shafin ya ɓace, lambar waya ta daina shiga.

Na bi kadi iya ƙarfina. Kamfanin rajistata ya ce ba kutse aka yi mini ba, ni na cire makulli, ni na ba da lamba, ni na danna amincewa, duk yana rubuce da lokaci da sa'a. Kamfanin da sunan ya koma ya ce shi bai san ni ba, mai asusu ya sani. Na nemi hanyar ƙarar da ICANN, hukumar da take kula da tsarin sunayen intanet, ta tanada kan rikicin sunaye, wadda ake kaiwa wurare irin su WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da take Janeba, sai na tarar an yi ta ne don masu alamar kasuwanci da aka yi wa kwace, ba don wanda aka yaudara ya miƙa kayansa da hannunsa ba. Kuɗin shigar da ita kaɗai dala 1,500 ne, ni kuma ban da alamar kasuwanci a kan kalmar. Kotu kuwa, wa zan kai, a wace ƙasa? Ana cika kwana sittin ɗin da ake hana suna motsi bayan sauyi, aka sake matsar da shi wani kamfanin, daga baya aka sayar. Yau wani kamfani ne yake kasuwanci a kansa, mai yiwuwa da kuɗinsa na halal ya saya. Ina buɗe shafin lokaci-lokaci in duba. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Shi ya sa nake jin haushi in na ga irinku. Ku yaran yanzu kun ji an sayar da Voice.com dala miliyan 30 a 2019, shi ke nan kowa ya ɗauka duk kalma biyu da ya haɗa da tsakar dare taska ce. Ba ku son jin cewa yawancin sunayen da ake yi wa rajista ba wanda zai taɓa tayawa ko sau ɗaya har su faɗi. Naka kalma uku ne da ƙaramin layi a tsakiya, wata huɗu da rajista, ba mai ziyara, ba tarihi. Da kai ne mai kuɗin, za ka ba da 12,000 a kansa, alhali za ka iya yin rajistar makamancinsa yanzu da kuɗin da bai kai na takardar da ake nema a wurinka ba? Ba wayon ɗan damfara ne yake cin ku ba, son banza ne, kuma kun san abin da aka ce, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni aƙalla sai da aka yi mako uku ana gina mini rami da dabara. Kai imel ɗaya aka turo har ka fara lissafin wayar da za ka canja. Kuma ba ku karatu. Ku ga lamba mai sifili uku, ido ya rufe, sauran wasiƙar ko oho.

Ba zan zauna ina koya maka kulle domen ko sa tabbaci mai mataki biyu a asusunka ba, wannan ko wanda ya fara jiya ya sani. Abin da nake so ya zauna maka shi ne wanda na saya da tsada. Wurin biya kai ne kake zaɓa, ba mai saye ba. Kamfanin riƙon amana na Escrow.com, ko kasuwannin domen da aka sani irin su Sedo da Afternic, za su cire la'adarsu, ka bar musu, ta fi asara sauƙi. Kuma adireshin da hannunka za ka rubuta shi, kada ka taɓa danna wanda aka turo maka a imel, don ana yin na bogi da bambancin harafi ɗaya. Imel da ya ce kuɗi sun shiga ba shaida ba ne, kowa yana iya rubuta shi. Shiga asusunka na wurin da ka sani ka gani da idonka. Kafin nan lambar sirrin sauyi ba ta fita daga hannunka, ko da mai sayen ya yi kuka da hawaye. Wanda ya riƙe lambar nan ya riƙe sunan.

In ya ce zai turo cek, musamman in ya rubuta fiye da farashin ya ce ka mayar masa da ragowa, rufe maganar. Banki yana iya nuna maka kuɗin a asusu, bayan makonni cek ɗin ya dawo na bogi, a cire daga wurinka, ragowar da ka tura kuwa ta tafi. Biya ta PayPal, shafin tura kuɗi ta intanet, ma kada ka karɓa a babban ciniki da baƙo, domin mai saye yana da kwana 180 da zai iya buɗe ƙorafi, ga kuma masu biya da katin sata. Za ka wayi gari an janye kuɗi, suna kuma yana can hannun wani.

Akwai 'yar uwar wannan da za ta zo maka ba da jimawa ba, tunda adireshinka ya shiga jerinsu. Za a rubuto a ce wani kamfani yana shirin yin rajistar sunanka da wasu ƙarshen, irin su .cn ko .asia, wai an tausaya maka an ba ka kwana bakwai ka riga shi. Ba wani kamfani. So suke ka saya a wurinsu da tsada abin da ba ka buƙata. Goge kawai.

Mai saye na gaskiya yakan fara da tayi ƙasa-ƙasa, yana da suna da kamfani da za ka bincika ka samu, kuma in ka ce masa ga inda za a biya, ba ya gardama, don shi ma tsoron kuɗinsa yake ji. Nawa ɓarawon ya iya kwaikwayon na farko da na biyu. A na ukun ne ya kauce, ni kuma na bi shi don ya ce zai ɗauke mini la'ada.

Wannan imel ɗin kada ka amsa shi, amsawa tana gaya musu cewa akwai mai karantawa a adireshin. Kada kuma ka goge tukuna. Buɗe cikakken kan saƙon, inda bayanan mai aikowa suke, ka duba ko adireshin da ya aiko da wanda amsa za ta tafi ɗaya ne, sannan ka nemo ranar da aka yi wa shafin kimantawar nan rajista. Rubuta su biyun a takarda ka zo mini da su gobe da safe, kafin ka taɓa aikin kowa.