Amsa ga 'yata a kan wanda ke zaɓa wa ɗa makaranta

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya same ni a nan unguwar Nima da ke Akra ranar Laraba da daddare, na karanta shi sau biyu, kuma da gangan na bar shi ya kwana biyu a raina kafin in amsa. Kin ce kina aji na ƙarshe a sakandare, jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE ta matso, kina son ki nemi Jami'ar Ghana da ke Legon a nan Akra ki karanci ilimin haɗa magunguna, amma mahaifinki ya ce a al'adarmu uba ne yake zaɓa wa ɗansa makaranta, kuma 'ya mace ba ta barin gidan ubanta sai zuwa gidan miji, saboda haka ko ki sami gurbi a Kumasi ko ki haƙura. Kika tambaye ni ko haka al'adar take da gaske, kuma ko ni da nake kawunki zan iya sa shi ya sauya magana.

Tambaya ta biyu ta fi gajarta, bari in fara da ita. Kin tashi a unguwar Aboabo ta Kumasi cikin Asantawa, kin ga irin ƙarfin da kawu yake da shi a wurinsu, tun da su ta ɗakin uwa suke ƙirga dangi da gado. Mu ba haka muke ba. Magana ta ƙarshe a kanki ta mahaifinki ce, bayansa baffanninki, ni kuwa abin da nake da shi shawara ne da roƙo, da kuma mutuncin da ke tsakanina da shi tun ranar da muka ba shi auren ƙanwata. Zan yi amfani da wannan mutuncin dominki, amma kada ki ɗauka zan zo in yi masa umarni a gidansa.

Game da al'adar kuwa, abin da mahaifinki ya faɗa yana da tushe, sai dai ba duka ya faɗa ba. Mu mutanen Zango 'ya'yan matafiya ne. Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo su daga ƙasar Hausa zuwa Salaga, tare da su kuma malamai da almajirai suka zo, kuma da ba su yarda ɗa ya yi nisa da gida ba, da babu Zango a Kumasi ko a Akra, wadda iyayenmu suke kira Ankara. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda malamanmu har yau suke ambato da girmamawa, haifaffen Kano ne, ya bi malamai gari-gari yana karatu kafin ya iso Salaga, daga baya ya zauna a Kete Krachi har ya rasu a 1934. A makarantun ilimi na zaure da na taras ina yaro, idan ɗalibi ya gama Ahalari yana son Risala, ko yana son nahawu, abin da manya suke tambaya shi ne wane malami ne ya fi ƙwarewa a wannan littafin, in a kusa da gida yake a tura yaro can, in kuwa a Tamale yake ko Yendi a haɗa masa guzuri. Ɗalibi shi ne yake faɗin abin da zuciyarsa ta karkata a kai, manya su binciki malamin, su nemi mai masaukin da za a damƙa masa amanar yaron, sannan uba ya sa albarka. Ba a aika yaro garin da ba a san kowa ba, ba a kuma tsare shi a gida alhali malamin da yake buƙata yana wani wuri. Mata ma ba a rufe musu wannan ƙofar ba, domin a zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, mata sun riƙa tasowa daga ƙauyuka zuwa wurinta neman ilimi a ƙarƙashin jagorancin jaji, dattijuwar da aka yarda da ita, kuma su ne aka sani da 'yan taru.

Daga ina tsare 'ya'ya ya samo asali? A ganina daga tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. Lokacin Turawa yawancin makarantun boko a hannun mishan suke, iyayenmu suka ga yaran da suka shiga da suna ɗaya suka fito da wani, sai suka janye 'ya'yansu, mata musamman. Ni kaina sai da na kai shekara goma kafin kakanki ya bari in taka ajin boko, shi ma bayan wani amininsa ya yi ta zarya a zaurensa yana roƙo, mahaifiyarki kuwa aji shida kawai ta yi aka cire ta, kuma har yau idan na tuna kaifin ƙwaƙwalwarta raina yana ɓaci. Abubuwa sun fara sauƙi sosai bayan 1987, da gwamnati ta kafa sashen kula da makarantun Islamiyya a hukumar ilimi, aka haɗa Larabci da Turanci a aji ɗaya, sannan a 2017 aka soke kuɗin sakandare. Mahaifinki ya kai ki har aji na ƙarshe bai taɓa cewa ki tsaya ba, saboda haka kada ki lissafa shi cikin masu ƙin karatun mata. Abin da yake tsoro shi ne sallarki da mutuncinki a garin da idonsa ba ya kai, kuma wannan tsoron ba a kawar da shi da gardama, sai da mai masaukin da ya amince da shi.

Yanzu kuma zan gaya miki abin da ƙila ba ki so ji ba. Na duba saƙonki ina neman dalilin da ya sa kika zaɓi Legon, abin da na samu shi ne sunanta babba ne, kuma ƙawayenki biyu can za su nema. Legon babbar makaranta ce, tun 1948 take, amma ke ba suna za ki karanta ba. Idan da gaske haɗa magunguna kike so, malamin wannan littafin yana ƙofar gidanku, domin tun 1953 aka ɗauke makarantar masu haɗa magunguna daga asibitin Korle Bu na Akra aka kai ta kwalejin da ta zama KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, kuma ita ce mafi daɗewa a wannan fanni a ƙasar nan. Da za a bi tsohuwar al'ada tsantsa, da KNUST za a fara rubutawa a takardarki, ki hau motar haya ta trotro daga gida ko ki kama ɗaki a Ayeduase kusa da jami'ar. A nan maganar mahaifinki da maslaharki sun haɗu, kuma bai kamata son ganin wani gari ya rufe miki ido ba.

Inda suka rabu shi ne a wajen maki. Kin san yadda ake lissafin: darussa shida ake ɗauka, uku daga na dole, uku daga na zaɓi, A1 maki ɗaya ne, kuma iya ƙanƙantar jimillar iya kyanta, shida ce ƙarshen kyau. Likitanci da haɗa magunguna suna cikin fannonin da ake yankewa a jimilla mafi ƙanƙanta, kuma inda ake yankewar yana motsi kowace shekara gwargwadon yawan masu nema. Yarinya mai ƙoƙari tana iya rasa gurbi a Kumasi da maki ɗaya ta same shi a Legon, ko a jami'ar kiwon lafiya da ke Ho. Idan aka ce Kumasi kaɗai, to an ɗaure ki da ƙofa ɗaya, in ta rufe sai ki karɓi fannin da ba ki so ko ki zauna shekara guda a gida, kuma na ga 'yan mata da yawa a Zango waɗanda shekarar zaman nan ta zame musu ƙarshen karatu. Wannan ne abin da ya kamata a roƙi mahaifinki: ya yarda a sayi fom fiye da ɗaya, Kumasi a gaba, sauran a baya, inda Allah ya buɗe a bi. Ki kuma zauna da malaman makarantarku su gaya miki gaskiyar inda sakamakon jarrabawar gwajinki ya tsaya, ki tanadi fanni na biyu da za ki iya so da zuciya ɗaya, kamar gwaje-gwajen asibiti ko ungozoma, wadda unguwanninmu suke matuƙar buƙata.

Sai kuɗi. Karatun haɗa magunguna shekara shida ne, ga hidimar ƙasa a bayansa, kuma mahaifinki ɗan kasuwa ne a kasuwar Kejetia mai ƙannenki huɗu a bayanki. Jami'o'in gwamnati suna da gurbi iri biyu, na kuɗin da gwamnati ta sassauta da na mai biyan cikakken kuɗi, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce, don haka idan takarda ta fito ki duba wane iri aka ba ki kafin a yi guɗa. Ɗakin kwana kuwa sau da yawa ya fi kuɗin karatun nauyi, musamman a Akra. Akwai asusun bashin ɗalibai na gwamnati, akwai kuma asusun tallafin ilimi na Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ki bincika sharuɗɗansu tun yanzu. Idan kika je gaban mahaifinki da lissafin shekara shida a rubuce, zai gane cewa magana ce ta wadda ta yi tunani.

Abu ɗaya kuma nake roƙonki da shi saboda na ƙone a kansa. Shekarun baya na biya wa wani yaro da nake riƙo kuɗin wata makaranta mai zaman kanta, mai kyan gini da yawan talla a rediyo, ya yi shekara uku, sai da ya fito neman aiki muka gano cewa fannin da ya karanta ba shi da amincewar hukuma. Laifina ne, domin ginin na duba, ban tambayi takarda ba, kuma yaron ya sake farawa daga tushe. Duk makarantar da za ki nema, ki tabbata GTEC, hukumar kula da manyan makarantu, ta amince da ita, ta kuma amince da ainihin fannin da za ki shiga, domin amincewar biyu daban-daban ce.

Idan rabo ya kawo ki Legon, ga abin da zan faɗa wa mahaifinki da bakina. Ni ne mai masaukinki, gidana a Nima gidanki ne, matata uwarki ce. A cikin jami'ar akwai Volta, ɗakin kwanan mata zalla, akwai masallaci, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA, ga Zangon Madina kusa inda muke da dangi. In kuwa Ho ce, sai mu nemi limamin Zangon garin tun kafin ki tafi, mu kai ki hannu da hannu kamar yadda ake yi a da. Ke kuma ki sani amana ce za ki ɗauka, domin yadda kika riƙe kanki shi ne zai buɗe wa ƙannenki mata hanya ko ya rufe.

Kafin nan kada ki sake tayar da maganar a gaban mahaifinki, kada kuma ki sa mahaifiyarki a tsakiya, domin ita za ta sha zafin. Ki yi istihara, ki je ki gaida gwaggonki babba ki faɗa mata komai cikin ladabi, tun da yana jin maganarta fiye da ta kowa, ki kuma bar ta ta zaɓi lokacin da za ta taɓa masa zancen. Ni zan zo Kumasi Juma'ar ƙarshen wata in Allah ya yarda, zan same shi bayan an sauko daga masallaci, tare da baffanki idan yana gari. Ki ajiye mini sakamakon jarrabawar gwajinki, da makin da aka yanke bara a KNUST da Legon da Ho, da lissafin kuɗin, a takarda ɗaya. Ki gaida mahaifiyarki da ƙannenki, ki koma kan littattafanki. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Kawunki,
daga Nima