Filin Tambayoyinku: Kakarmu ta rasu, an rabu biyu a gida kan ranar arba'in

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Kakarmu ta wajen uba ce Allah Ya yi wa rasuwa watan jiya, ita ta raine ni tun daga yaye, kuma a unguwarmu ita ce komai, ita ce uwar adashi, ita ke wankan gawa in mace ta rasu, in aure ya yi tsami wajenta ake zuwa, ga karatun matan aure da take yi a tsakar gida bayan la'asar. Toh yanzu a gurup ɗinmu na WhatsApp an rabu biyu, baffanninmu sun ce a haɗa kuɗi ranar arba'in a kafa kanofi a yanka sa a buga kalanda da hotonta, yayyenmu maza kuma sun ce bidi'a ce ko sisi ba za su sa ba, har wasu sun fara fita daga gurup ɗin. Ni dai so nake a yi mata abin da zai amfane ta kuma kar a manta da ita. Ya zan yi?

Jikar Hajiya, daga Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya sa ta huta, Ya kai haske kabarinta, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi.

Kin ce ita ce uwar adashi, toh wallahi nan hankalina ya fara tsayawa tun kafin in kai ga maganar kanofi. Kuɗin adashi amanar mutane ce a wuyanta, kuma a shari'a bayan an yi wa mamaci sutura bashi ake fara biya, sannan wasiyya in ta bari wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba, sai a ƙarshe a zo kan gado. Irin tsofaffin nan yawanci lissafinsu a ka yake, ko a wani tsohon littafin makaranta da jika ke rubuta musu, kuɗin kuma ki same shi ƙulle a leda cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Ki samu goggonninku ku tara matan zubin a ɗakinta, a ji wa ta kwasa, wa ya rage bata kwasa ba, wa ta ba ta ajiya, wa ke bin ta, wa take bi. Mata da yawa kunya ba za ta bar su su tada maganar kuɗi a gidan mutuwa ba, za su yi shiru ne suna cizon yatsa, don haka ku ne za ku fara.

Maganar arba'in kuwa, gaskiya yayyenki ba su yi ƙarya ba da suka ce ba a samo ware ranar uku ko bakwai ko arba'in daga Annabi (SAW) ba, abin da ya zo ma da aka kashe Ja'afar ɗan baffansa a yaƙin Mu'uta cewa ya yi a dafa wa iyalansa abinci a kai musu, ba su za su dafa wa jama'a ba. Akwai kuma malaman da ke kallon taron a matsayin sadaka da addu'a kawai, wannan saɓani tun kafin a haife ku ake yinsa kuma ba a gurup ɗin gidanku za a ƙare shi ba. Amma yanke zumunci a kan matar da ta ƙare rayuwarta tana sulhunta mutane, haba, wannan kam babu malamin da ya halatta. Kalanda kuma ni ba na goyon baya, shekara na juyawa za ki gan ta a hannun mai ƙosai ana naɗe kaya da fuskar Hajiya.

Abin da nake so ki yi ba ya cin kuɗi. Ki ɗauki biro da takarda ki bi unguwa ki gano mutanen da take ɗauke da su a ɓoye, don mace irin wannan ba ta rasa gidajen da kwanonta ke shiga kullum da magariba, da marayan da take saya wa takalmi da sallah, da tsohuwar da take biya wa kuɗin maganin hawan jini, ku jikoki ba lallai ku sani ba, amma yaran da take aika sun sani sarai, su za ki tambaya. Annabi (SAW) bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta nama, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito wannan. Wannan san da baffanninki ke son yankawa, in aka yanka aka bi gidajen nan da shi ba kanofi ba lasifika, ban ga wanda zai ce uffan ba a ɓangarorin biyu.

Sai ayyukanta. Wa zai riƙe karatun bayan la'asar? A cikin matan da ta koyar dole akwai wadda ta fi ƙwari, a ba ta tabarmar da allunan, in akwai hali a riƙa yi mata ɗan alheri duk wata. Wankan gawa ma haka, 'yan matan yanzu tsoro suke ji, sai ki ga an yi rasuwa ana ta buga waya ana neman mai wanka daga wata unguwa gawa na jira, toh duk wadda ke riƙe wa Hajiya buta a wajen wanka ita ce magajiyarta a wannan fanni, a ƙarfafa ta ta koya wa wasu biyu.

In kuɗin da aka haɗa ya kai, ku yi ruwa. Sahabi Sa'ad bin Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi, ya ce masa ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Sai dai dan Allah kafin a kira masu haƙar bohol a fara tsayar da wanda zai riƙa gyara in famfo ya lalace da inda kuɗin gyaran zai fito, mun gaji da ganin tanki a tsaye da sunan mamaci da fenti ɓaro-ɓaro amma ko ɗigo babu.

Kan batun kar a manta da ita, ki rubuta ta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ke da kike Gusau ma kusa kike da tushen abin. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru inda jajis, wato jagororin mata, ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata, kuma ba manyan gidansu kaɗai ta yi wa marsiyya, wato waƙar alhinin mamaci, ba, ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, ta yi wa maƙwabciyarta Halima, shi ya sa har yau aka san an yi su. Ba sai kin iya waƙa ba, ki kunna rikodin a wayarki ki zauna gaban ƙawayenta da suka rage, ki tambaye su garin da aka haife ta, wa ya koya mata karatu, yadda aka yi ta fara riƙe adashi, kalaman da take faɗa in ta zaunar da miji da mata, har da faɗanta da zolayar da take yi muku ta jika da kaka, kar ki mai da ita waliyyiya a takarda, waɗanda suka san ta ba za su gane ta ba. Ki yi sauri kuma, sa'o'inta ba su da yawa. In kin zo rubutawa ki cire sunayen waɗanda ta taimaka da sirrin auren da ta gyara, ita ma ai ba ta faɗa ba.

Duk wannan kar ki kai shi gurup, ke jika ce, in kika rubuta a can za a ce yarinya na koya wa iyayenta. Ki je gidan babban baffanku da kanki ki durƙusa ki gaishe shi, ki miƙa masa takardar sunayen nan ki ce Baffa ga mutanen Hajiya na samo, ya za a yi da su, ki bari shawarar ta fito daga bakinsa. In da goggon da yake jin maganarta, ki tafi da ita.