Amsa ga mai tambaya kan neman kotu ta ɗauke bincike daga hannun 'yan sanda

Malam, Allah ya ba ƙanin naka lafiya. Ka ce an sassare shi, kun kai ƙara ofishin 'yan sanda na unguwa, an kama wanda ake zargi an sake shi, wata huɗu ke nan fayil bai motsa ba, shi ne kake son kotu ta ƙwace binciken ta miƙa wa DSS ko EFCC.

Kotunan Najeriya ba kasafai suke ba da irin wannan umarni ba. Sashe na 4 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ɗora musu binciken laifi, kuma alƙalai na ganin yadda za a gudanar da shi hurumin 'yan sanda ne. A 2002 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Gani Fawehinmi ya shigar yana neman a tilasta wa Sufeto Janar ya binciki gwamnan Legas na lokacin, Bola Tinubu. Kotu ta ce ana iya bincikar gwamna duk da rigar kariya, amma ta ƙi tilasta wa 'yan sanda. Lauyansu da wannan hukuncin zai tare ka. Sannan EFCC ta laifukan kuɗi ce, DSS ta tsaron cikin gida, sara da duka ba aikinsu ba ne. Alƙali ba zai ɗora wa hukuma abin da dokar da ta kafa ta ba ta ba ta ba.

Abin da ke aiki shi ne a ɗaga fayil zuwa sama a cikin rundunar kanta. Lauya ya rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, yana neman a mayar da binciken sashen binciken manyan laifuka, wato CID. In can ma aka yi shiru, sai Mataimakin Sufeto Janar mai kula da shiyya, sannan Sufeto Janar a Abuja. Kada ku tsallake mataki, don takardar da aka kai Abuja kai tsaye sau da yawa jiha ake dawo da ita.

Yadda aka rubuta takardar shi ne rabin aikin. Kada a cika ta da zagi ko a ce an ci hanci alhali babu shaida, wannan zai iya komawa kanku. A jera abin da ya faru da kwanan wata: ranar da aka kai ƙara, ranar da aka ɗauki jawabinku, sunan jami'in da ke riƙe da fayil, ranar da aka ba da beli, shaidun da kuka gabatar ba a kira su ba, makamin da aka gani ba a karɓa ba. A haɗa rahoton likita, hotunan raunin da rasit na asibiti. A yi kwafi aƙalla uku, a tabbata an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Wannan kwafin mai hatimi ku adana shi sosai, domin shi ne hujjarku a kotu. Ku aika kwafi ga Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda in ƙorafin ya shafi halin jami'i, da Antoni Janar na jiha, wanda sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi ikon shigar da ƙarar laifi ko karɓe ta.

Kotu tana shigowa ne bayan nan, kuma ƙofofinta uku ne. Akwai ƙarar kai tsaye a kotun majistare, wadda aka saba da ita a Arewa: ku kai ƙorafin gaban alƙali, shi kuma yana iya tura shi ga 'yan sanda su bincika su dawo masa da rahoto. Lauya na iya roƙon a tura wa CID maimakon ofishin da ya yi sakaci. A ganina ita ta fi dacewa da matsalarku, ga sauƙin kuɗi.

Akwai kuma umarnin tilasta wa hukuma yin aikinta, wanda lauyoyi ke kira mandamus, a babbar kotu. Sai an fara neman izinin kotu, a nuna da takardar rantsuwa cewa an nemi a yi aikin a rubuce aka ƙi. Wanda ba shi da kwafi mai hatimi a nan yake faɗuwa. Akwai wa'adi kuma, a Babbar Kotun Tarayya wata uku ne, don haka kada a yi jinkiri. Ko an yi nasara, umarnin zai ce ne a yi bincike, da wuya ya faɗi wanda zai yi.

Ta ukun ita ce ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam ƙarƙashin sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki, amma tana amfani ne in an juya lamarin kanku, ana tsare ku ko ana yi muku barazana don ku janye.

Ku shirya wa abin da ke biyo bayan ɗauke fayil. Za a sake ɗaukar jawabin kowa, kuma in sabon jawabi ya saɓa da na farko, lauyan wanda ake tuhuma zai yi amfani da shi. Kayan shaida kan ɓace a hanya, saboda haka lauya ya nemi a rubuta jerin abin da aka miƙa. Ɗaya ɓangaren ma yana iya rubuta tasa takardar zuwa ofishin da ya fi naku girma, fayil ya dinga yawo ana jinkiri. Kuma kowane mataki na sama yana nufin kuɗin motar shaidu, shi ya sa in CID na jiha ya riƙe aikin da gaske, ku tsaya a nan. In kuɗin lauya ne matsala, ku je ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke jiharku, da takardun nan a hannu.