Hanya Mafi Arha ta Haɗa Tsohuwar Na'urar Gem da Wi-Fi na Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayo wa yarana na'urar gem wadda aka taɓa amfani da ita, Xbox 360 fara irin ta farko. Muna da rauta mai layin MTN a falo, ita kuwa na'urar tana ɗakin yara, a can ƙarshen tsakar gida. Mun yi ta ƙoƙari amma ba ta ganin Wi-Fi ɗinmu. Wani mai shago ya ce in sayi ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta don ta kama Wi-Fi. Shin zai yi aiki? Idan ba zai yi ba, wace hanya ce ta fi sauƙin kuɗi? Daga wani magidanci a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raya yaran. Kada ka sayi abin da mai shagon ya nuna maka, domin ba zai yi aiki ba. Irin wannan ɗan makalin na USB yana buƙatar manhajar da za ta gabatar da shi ga na'urar da aka soka shi, kuma kwamfuta ce take karɓar irin wannan manhaja, na'urar gem ba ta karɓa. Xbox 360 ta farko, wadda ta fito a 2005, an ƙera ta ne ba tare da Wi-Fi a cikinta ba, sai dai mutum ya sayi makalin da kamfanin Microsoft ya yi mata musamman. Sai a 2010, da aka fito da siririyar nan baƙa, aka saka mata Wi-Fi a ciki. Saboda haka na'urarka ba ta lalace ba, haka aka yi ta. Makalin na Microsoft kuwa an daɗe da daina ƙera shi, kuma ban ga dalilin wahalar nemansa ba alhali akwai abin da ya fi shi araha da amfani.

Idan ka juya bayan na'urar za ka ga wata kafa mai kama da ta wayar tarho ta da, amma ta ɗan fi ta faɗi. Wannan ita ce kafar kebul na intanet, kuma duk mafita mai arha ta nan take bi. Mafi sauƙi shi ne ka sayi kebul irin wanda ake kira Cat5e ko Cat6, a yanka maka daidai tsawon da kake so, a matse masa kai biyu, ka soka ɗaya a bayan rauta, ɗayan a bayan na'urar. Wannan kebul yana ɗaukar saƙo har tsawon mita 100 ba tare da rauni ba, kuma ba ruwansa da kaurin katanga ko ƙofar ƙarfe. A ganina babu hanyar da ta kai shi, domin abin da wasa da mutanen nesa ya fi buƙata shi ne saƙo ya je ya dawo da sauri ba yankewa, kebul kuma ya fi iska riƙe wannan. Sai dai tunda zai ratsa tsakar gida, a zura shi cikin bututun roba irin na masu aikin lantarki a bi da shi jikin bango, saboda ranar Sakkwato a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, tana busar da fatar kebul har ta tsattsage.

Idan jan kebul ba zai yiwu ba, wataƙila saboda gidan haya ne, to sai a nemi rauta ta biyu ta tsaya a matsayin kunnen na'urar. Ita za ta kama Wi-Fi daga falo, ta miƙa wa na'urar gem ta gajeren kebul, na'urar kuma ta ɗauka cewa kai tsaye aka haɗa ta. Tsohuwar rauta da aka ajiye a gida tana iya yin wannan aiki, haka ma ƙananan nan masu girman akwatin ashana irin TL-WR802N ta kamfanin TP-Link, wadda take cin wuta ta USB. Sharaɗin kawai shi ne a tabbatar kafin saye cewa a cikin tsare-tsarenta akwai wanda aka rubuta wa Client. Za ka haɗa ta da waya ko kwamfuta, ka buɗe adireshin da aka buga a ƙasanta, ka zaɓi wannan tsarin, ka nuna mata sunan Wi-Fi na gidanka, ka saka kalmar sirri, sannan ka bari ta sake tashi. Daga nan sai ka soka kebul, ka shiga saitin netwok na na'urar gem ka yi gwaji.

Wasu tsofaffin rautoci ba su da wannan tsarin, sai wani da ake kira WDS, wanda yakan yi gardama idan rautocin biyu ba na kamfani ɗaya ba ne. Idan shi za ka bi, dole ka kashe DHCP a rauta ta biyu, wato aikin raba wa na'urori adireshi, kuma ka canza mata adireshinta idan ya zo ɗaya da na rautar falo, misali dukansu 192.168.0.1. Mafi yawan waɗanda suka gwada wannan hanya suka kasa, a nan suka yi tuntuɓe. Ka kuma zaɓi Wi-Fi na zangon 2.4GHz maimakon na 5GHz idan rautarka tana da duka biyun, domin shi ya fi ratsa bulo, sannan ka ɗaga rauta ta biyu sama kusa da taga mai kallon falo, nesa da bayan talabijin.

Kafin ka sayi komai, kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows tana iya raba Wi-Fi ɗinta ta kebul, sai ka gwada da ita ka ga ko sabis yana kaiwa ɗakin. Na'urorin da suke tura intanet ta wayoyin lantarkin gida kuwa ba na ba da shawararsu a nan, saboda suna da tsada, kuma a gidan da ake sauyawa tsakanin wutar Kaduna Electric da janareta ko sola ba su cika tsayuwa ba.

Akwai abin da ya rage wanda kebul ba ya magancewa. Layukan waya irin MTN, Airtel da Glo sukan haɗa masu amfani da yawa a ƙarƙashin adireshi guda, don haka gwajin na'urar yana iya nuna maka cewa NAT ɗinka, wato ƙofar da saƙon wasu 'yan wasa yake bi ya iso na'urarka, a tsuke yake, abin da yake sa samun abokan wasa ya yi wuya. Kunna UPnP, wani saiti da yake barin na'ura ta buɗe wa kanta hanya, a rautar falo yana taimakawa wani lokaci, amma idan matsalar daga wajen kamfanin layi take, babu saitin gida da zai warware ta. Ka sani kuma cewa wasa da mutanen waje a Xbox 360 yana buƙatar biyan kuɗin rajista ga Microsoft, kuma shagonta na intanet an rufe shi tun 29 ga Yuli, 2024.

Abu mafi muhimmanci, ka koma wajen wanda ya sayar maka ka tambaye shi ko an taɓa cikin na'urar domin ta karanta wasannin da aka kwafa. Da yawa daga cikin na hannu da suke kasuwanninmu haka suke, kuma Microsoft yana toshe irin waɗannan daga sabis ɗinsa idan ya gano su, kamar yadda ya yi wa ɗimbinsu a Nuwamba 2009. Idan taka tana cikinsu, kada ka kashe kuɗin rajista. Yaran suna iya haɗa na'urarsu da ta abokinsu da kebul guda a ɗaki ɗaya ta tsarin System Link, su yi wasa tare a talabijin biyu ba tare da an taɓa data ba, matuƙar wasan yana da wannan tsarin kuma kowace na'ura tana da kwafinsa.