Amsa ga mai neman siririn layin dogon da zai kwaikwaya a kan tebur

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana zaune a Agege, bango ɗaya kacal matar gida ta yarda ta bar maka, kuma ka rasa wanda za ka kwaikwaya tsakanin layin Darjeeling na Indiya da Ffestiniog na Wales da kake gani a YouTube, ko kuwa namu na Legas zuwa Kano. Na daɗe ina wannan wasan da yarana ke kira "jirgin Baba", don haka bari in faɗa maka abin da ya ci mini kuɗi kafin in gane.

Da na fara, Dala na ɗauka ba gammo. Na ce sai na yi Iddo har Kano, da gadar Jebba, da dalar gyaɗa a ƙarshe. Ban yi lissafi ba. Layin nan ya haura kilomita 1,100. In ka mai da shi kashi ɗaya cikin 87 na girmansa, ma'aunin da ake kira HO ke nan, tebur mai tsawon kusan kilomita 13 kake buƙata. Abin da na ƙare da shi wani zobe ne da jirgi ke ta zagaye kamar rakumin ban ruwa, bai yi kama da ko'ina ba. Tun daga nan na daina tambayar wane layi, na koma tambayar wace tasha, kuma a wace shekara.

Kafin ka zaɓa, duba faɗin dogon, domin shi ke yanke hukuncin abin da za ka iya saye. Tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Sabon da aka buɗe tsakanin Legas da Ibadan a 2021 milimita 1,435 ne, shi ba siriri ba ne. To namu tsohon, a ma'aunin HO dogo mai faɗin milimita 12 yake so, shi kuwa samunsa sai an sha wuya, sai an yi oda an jira. Akwai dabara: ka ɗauki dogon HO na gama-gari mai milimita 16.5, ka gina taragunka kashi ɗaya cikin 64 na girman na gaske, lissafin ya fito kusan daidai. Amma fa duk jikin inji da tarago kai za ka yanka da hannunka. In kana da haƙurin kafinta, bismillah.

Ni dai inda na tsaya shi ne ƙafa 2 da inci 6, milimita 762. Mutane da yawa ba su san mun yi irinsa a ƙasar nan ba. Akwai layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya haura Jos da Bukuru saboda kuza, aka kammala shi a 1914, aka rufe a 1957. A nan Ikko ma an yi ƙaramin jirgi mai tururi da ke tashi daga Iddo ya ƙetare gadar Carter ya shiga tsibiri, daga 1902, sai a 1933 aka daina aiki da layin baki ɗaya. Wannan faɗin ya zauna daram a kan dogo mai milimita 9, wanda ake kira HOe ko OO9, kuma kamfanoni irin su Peco na yin dogonsa. Yana iya yin kwana a ɗan wuri, taragunsa gajeru ne, inji da tarago huɗu sun isa su yi kama da jirgi na gaske. Ga mai bango ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Darjeeling da Ffestiniog suna da kyau, ban musa ba, kuma hotunansu sun cika intanet. Sai dai gani ya kori ji. Ba ka taɓa tsayawa a gefensu ba, ba ka san launin ƙasarsu bayan an yi ruwa ba, kwafin kwafi za ka yi. Ni kuwa da na koma tashar nan ta Agege da awo a aljihu, na ga abubuwan da hoto bai taɓa nuna mini ba: yadda baƙin mai ya rine duwatsun da ke tsakanin dogo, yadda ciyawa ta cinye layin ajiye taragu, kwanon rufi da tsatsa ta yi wa ja daga bakin ƙusa zuwa ƙasa, mai rake ya jingina baronsa a jikin katanga. Waɗannan su ke sa baƙo ya leƙa tebur ya ce, "Kai, nan ai na san shi!" Ka dai fara gaida ma'aikatan tasha ka faɗa musu abin da ya kawo ka kafin ka ɗaga waya, kuma kada ka tsaya a kan dogo, jirgi ba ya kauce wa mutum.

Ka samu wata Asabar ka je harabar ma'aikatar jirgin ƙasa a Ebute Metta, ka shiga gidan tarihi na Jaekel House. Ginin kansa darasi ne, irin benen Turawan mulkin mallaka mai baranda, ga tsofaffin hotuna da kayan aiki. In hanya ta kai ka Jos, akwai ragowar injinan wancan layin na kuza a wajen gidan tarihi. Wani abin mamaki, jirgin ƙasan Saliyo ma wannan faɗin ne, kuma bayan an rufe shi a shekarun 1970 an kai inji ɗaya da wasu taragun fasinja layin Welshpool a Wales. Bidiyonsu zai nuna maka yadda irin jiragen nan ke rangaji in suna tafiya.

Tambayi kanka kuma, me jirgin ke ɗauka? Layin da ba shi da kaya, cikin mako biyu zai gundure ka. Na Jos kuza yake saukowa da ita, ya hau da kayan aikin haƙa. In Agege ka zaɓa, ga shanu daga Arewa, ga huhunan goro masu komawa, kana da dalilin cire wannan tarago ka jona wancan. Huhun goro ma da ƙyallen buhu da zare nake naɗa shi, girman ƙwayar wake.

Sai maganar Legas ita kanta. Teburina na farko da katakon nan na garin katako da aka matse na yi shi, damina ɗaya ya sha laima ya kumbura, dogon ya karkace, inji ya riƙa faɗuwa a wuri guda kullum. Sayi filawud mai kauri, ka shafe shi da fenti ciki da baya har gefuna. Dogon ƙarfe zalla iskar teku na sa masa tsatsa, nemi na nikel. Ka kuma yi masa murfi, don ƙurar hunturu da ƙananan hannaye.

Da ni ne kai, tasha ɗaya zan ɗauka a layin Zariya zuwa Jos, wajen shekarun 1940, dogo mai milimita 9, katako mai tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin taku ɗaya da rabi, da dutse a baya da bishiyar kuka ɗaya. Auno bangon nan naka ka turo mini tsawonsa da inda ƙofa take buɗewa, sai in zana maka yadda layukan za su kwanta.